'Yata ta warke daga ciwon daji tun tana ƙarama: wane abinci zai kare mata zuciya?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. 'Yata ta yi ciwon dajin ƙoda tana shekara huɗu, aka cire ƙoda ɗaya, aka yi ta ɗura mata magani ta jijiya, har da wani ja. Yanzu shekarunta 18, lafiyarta ƙalau, ana ma maganar aurenta. Na ji an ce maganin nan yana taɓa zuciya. Me ya kamata ta riƙa ci? Daga wata uwa a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ƙara mata lafiya, ya sanya albarka a auren.

Jan maganin nan mai yiwuwa doksorubisin ne. Yana kashe ƙwayoyin daji sosai, amma yakan raunana tsokar zuciya, kuma raunin kan kwanta shiru shekara goma ko ashirin kafin ya nuna kansa. Babu abincin da zai goge wannan rauni idan ya riga ya faru. Aikin abinci shi ne hana a ɗora wa zuciyar kaya na biyu, wato hawan jini, ƙiba da ciwon suga. Babban binciken da ake yi a Amurka da Kanada tun 1994 a kan dubban waɗanda suka tsira daga dajin ƙuruciya ya nuna cewa idan hawan jini ya haɗu da tarihin irin wannan magani, haɗarin gazawar zuciya yana ninkuwa sosai. Ga shi kuma 'yarki ƙoda ɗaya gare ta.

Don haka gishiri ne abin da ya fi damuna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma lissafin ya haɗa da wanda ke ɓoye. Ki duba tukunyar miyarki: ga dunƙule uku ko huɗu, ga farin magi, ga gishiri, sannan ga yaji a gefe shi ma da nasa. Ki rage dunƙule a hankali, ki ƙara daddawa, citta, tafarnuwa da albasa. Cikin 'yan makonni harshe zai saba. Taliyar leda da ƙullin sinadarinta ta zama ta jefi-jefi.

Sauran ba wuya: tuwon dawa, gero ko acca, wake, zogale, miyar kuka da kuɓewa, kifi, gyaɗa, gwaba da lemo. A rage soye-soye, kitse, man shanu da lemon kwalba, a sassauta sukari a zoɓo da fura. Na san tausayi ke sa uwa ta yi ta tura wa yaron da ya sha jinya daɗi don ya murmure. Wannan lokacin ya wuce, yanzu tafiyar ƙafa ta rabin awa kullum ta fi mata amfani.

Maganar aure kuwa, ki saurare ni da kyau. Ciki yana ƙara wa zuciya aiki matuƙa, don haka a yi mata hoton zuciya da ake kira eko kafin ta ɗauki ciki ko a farkonsa. A jego kuma kada a ba ta kunun kanwa, domin kanwa cike take da sinadarin da ke cikin gishiri. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta shi, tare da wankan ruwa mai tsananin zafi, da ciwon zuciyar masu jego. Ki sanar da dangin miji tun da wuri.

Ki nemo takardun asibitin da aka yi jinyarta a ga jimillar jan maganin da ta samu. Idan ya kai miligiram 250 a kan kowace murabba'in mita ta faɗin jikinta, eko duk shekara biyu ake so. Daga 100 zuwa ƙasa da 250, duk shekara biyar. A riƙa yi mata awon hawan jini aƙalla sau ɗaya a shekara. Idan kika ga haki, kumburin ƙafa ko ta kasa kwanciya rigingine, ku tafi asibiti a ranar.