Kunyar ɗan fari da abin da jariri ke riƙewa

'Yata, saƙonki ya iso Garwa. Wai a wurin awo an ce ki riƙa kallon maigidana kina masa magana, surukarki kuwa ta ce ina kunyar ɗan fari. Na yi dariya, amma abin ya tsaya min.

Kunyar nan gaskiya ce. A da uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta masa wasa a gaban mutane. Sai dai ki duba gidan da ake yin ta. Da hantsi bayan wanka kaka za ta miƙe ƙafa a tabarma, ta kwantar da shi a cinya, kansa wajen gwiwa, ta sunkuyo har tsakaninsu bai fi taƙi ɗaya da rabi ba. A makonnin farko idonsa bai gani sosai sai a santimita 20 zuwa 30. Ta buɗe baki a hankali, ta yi shiru, ta jira. Jiran nan shi ne aikin, don jariri yana jinkirin amsawa. Mai gaggawa sai ta cika shi da surutu ya kau da kai. Wajen arba'in, mako 6 zuwa 8, yake fara mayar da murmushi. Tsofaffinmu kan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma ai sai ya ga gudun.

Muryarki kuwa tun a ciki ya santa, kada ki ji tsoron zai manta ki. Sauran abubuwa ne ke zube masa da wuri. A Amurka an gwada ɗaura zare daga ƙafar jariri zuwa abin wasa da ke rataye, in ya shura ya motsa. Ɗan wata 2 ya riƙe dabarar kwana ɗaya ko biyu, ɗan wata 3 kusan mako, ɗan wata 6 mako biyu. Shi ya sa ake nanata waƙar tawai guda kullum. Ƙiwa kan zo wajen wata 8, ba lalacewa ba ce, ya rarrabe nasa da baƙo ne. Tafi kuma sai wajen wata 9.

Ku yanzu ɗaki ɗaya na haya a Ngaundere, ba kaka ba goggo, ga waya a hannu ana ba da nono. Wa zai yi masa abin da kunya ta hana ki? Sunan dai ki sakaya, ba wanda ya ce ki bari. In ya wuce wata 3 bai bin fuska da ido, ko ƙara ba ta razana shi, ki ɗauki katinsa ki koma asibiti, kada ki jira ranar awo.