Tambaya da Amsa: Rigar siliki za ta iya riƙe caji?

TAMBAYA: Na ji ana cewa masana na haɗa batirin da ake sawa a jiki da siliki. Yaya zaren da wuta ba ta bi ta cikinsa zai riƙe caji? Kuma zai iya cajin waya? (Mai karatu daga Zariya)

AMSA: Gaskiyarka, Malam, wutar lantarki ba ta ratsa siliki yadda yake. Ɗaya daga cikin hanyoyin da ake bi ita ce a mayar da shi gawayi tukuna.

Zaren tsutsar siliki, wato Bombyx mori, furotin iri biyu ne: fibroin, wato ainihin zaren, da sericin, ƙaron da ke manne shi, wanda ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa. Ƙaron ake fara cirewa. Ma'aunin da ɗakin binciken David Kaplan na Jami'ar Tufts a Amurka ya wallafa a 2011 shi ne: giram 5 na gidan tsutsar, lita 2 na ruwa, giram 4.24 na sodiyom kabonet, a tafasa minti 30. In tafasar ta yi yawa, fibroin ɗin ya gutsuttsura, zaren ya yi rauni.

Daga nan sai tanda. Ana gasa yadin da aka saƙa da zaren a zafin digiri 700 zuwa 1,000 na ma'aunin Celsius cikin iskar agon ko naitirojin. In iskar oksijin ta kutsa, toka za a kwaso. In an yi daidai, yadin zai fito baƙi wuluk, ya tsuke, fiye da rabin nauyinsa ya tafi, amma saƙarsa na nan kuma wuta na bi ta cikinsa. Abin da ya sa ake son siliki shi ne naitirojin ɗin furotin ɗinsa da ke saura cikin gawayin, yana taimaka masa riƙe caji. Wasu kan sake gasa shi da fotasiyom haidiroksaid don ƙananan ramuka su yawaita, sai dai hakan na ƙara masa gautsi.

Ana haɗa falle biyu na wannan yadi, a shafa wani kunu mai kauri na PVA (wani nau'in roba mai narkewa a ruwa) da asid a tsakani, a rufe da robar silikon. Abin da aka samu ba batir ba ne, sufakafasita ne, wato ma'ajin caji mai saurin cika da saurin sakin wuta. Matsalolinsa sanannu ne: in kunun ya bushe, caji ya ragu; in murfin ya tsage, gumi ya shiga; in an yawaita lanƙwasawa, zaren gawayin ya kakkarye. Kuma tunda ruwa ne a ciki, ruwan kan fara rabewa a wajen bolt 1.23, don haka kowane ɗaya ba ya wuce bolt 1. Sai an jera da yawa.

Batun waya kuwa, a ajiye shi tukuna. A nauyi ɗaya, batirin litiyom na riƙe ninkin abin da sufakafasita ke riƙewa sau goma ko fiye. Inda wannan zai yi amfani shi ne ƙananan na'urorin auna bugun zuciya ko zafin jiki, masu shan wuta kaɗan, waɗanda ake so su yi caji cikin daƙiƙu.