Amsa ga mai tambaya kan kogon haƙorin ɗanta

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, na karanta tambayarki game da ɗanki mai shekara 7 wanda turmin haƙorinsa ya yi kogo, yana kuka da dare, aka ce miki tsutsa ce, kika cusa masa kanumfari har ciwon ya lafa, yanzu kuma kina tambaya ko akwai buƙatar zuwa asibiti tunda dai haƙorin zai faɗi idan ya yi famfara. Allah Ya ba shi lafiya. Na yi shekaru ina aiki a ƙaramin asibiti inda iyaye mata ke kawo irin wannan koke, kuma amsata ita ce ki kai shi wurin likitan haƙori a cikin makon nan, ko da a yanzu yana cin abincinsa lafiya yana barci.

Abu na farko da nake so ki yi shi ne ki tabbatar wane haƙori ne ya yi kogon, domin a nan iyaye da yawa suke yin asarar da ba ta gyaruwa. Yaro yana da haƙoran yarinta guda 20, babba kuma yana da 32. A wajen shekara 6, turmi na farko na dindindin yakan fito can baya, a bayan haƙoran yarinta, ba tare da wani haƙori ya faɗi ya ba shi wuri ba, shi ya sa uwa take ɗaukarsa a matsayin na yarinta. Ki buɗe bakinsa a cikin haske, ki fara ƙirgawa daga tsakiyar haƙoran gaba zuwa baya. Idan mai kogon shi ne na shida, to wannan haƙori ne da zai rayu da shi har tsufa, kuma idan aka cire shi babu wani da zai tsiro a gurbinsa. Idan ma na huɗu ne ko na biyar, waɗannan turamen ba sa faɗuwa sai tsakanin shekara 9 zuwa 12, wato yaron zai shafe shekaru yana ɗauke da ruɓaɓɓen haƙori, alhali sabon da zai maye gurbinsa yana kwance a ƙarƙashinsa.

Batun tsutsa kuwa, tsohuwar fahimta ce da aka daɗe da ita a ƙasashe da dama, amma babu tsutsa a cikin haƙori. Abin da ke faruwa shi ne, akwai ƙwayoyin cuta da ke zaune a cikin dauɗar nan mai yauƙi da ke manne wa haƙori, kuma abincinsu sukari ne. Duk lokacin da yaro ya sa abu mai zaƙi a baki, sai su mayar da shi sinadari mai tsami wanda ke zaizaye farin ɓawon haƙori na tsawon kusan rabin awa, kafin yawu ya wanke tsamin ya fara mayar da abin da ya zaizaye. Idan ɓarnar ta fi gyaran yawa kullum, sai ɓawon ya huje, ruɓar ta shiga ɓangare mai laushi da ke ƙarƙashinsa, inda take bazuwa da sauri. Kamar gara a cikin azara ne, ƙaramin rami ake gani daga waje alhali ciki ya cinye.

Saboda haka yawan lokutan da ake cin zaƙi ya fi adadin abin da aka ci illa. Yaron da ya cinye alawarsa gaba ɗaya bayan abincin rana ya fi samun sauƙi a kan wanda yake tsotsar ɗaya da safe, ya sayi tuwon madara da kuɗin tara, ya sha zoɓo mai sukari a hanyar Islamiyya, ya ci biskit da yamma, sannan a ba shi shayi kafin ya kwanta. Bakin wannan na biyun ba ya samun hutu ko kaɗan. Na dare ya fi muni, domin yawu yana raguwa sosai idan mutum yana barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa a rana, kuma ta ce zai fi kyau a tsaya ƙasa da kashi 5, wanda ga babba bai wuce ƙaramin cokali 6 ba. Kwalbar lemo guda ɗaya takan ɗauki kusan cokali 9.

Lafawar ciwon ita ce ta fi damuna a cikin bayaninki. Kanumfari yana ɗauke da mai da ke kashe raɗaɗi na ɗan lokaci, wannan gaskiya ne, amma ba ya toshe rami kuma ba ya tsayar da ruɓa. Ciwon da ke tashin yaro da dare alama ce cewa ruɓar ta kai ga jijiyar haƙori, kuma idan irin wannan ciwo ya ɗauke haka kawai, sau da yawa jijiyar ce ta mutu, ƙwayoyin cutar kuma suna ci gaba da gangarawa zuwa tushen haƙorin har su tara mugunya. Na ga yaran da aka kawo mana kumatu a kumbure makonni bayan an yi murnar cewa sun warke. Ki duba dasashinsa kusa da haƙorin ko akwai ɗan ƙurji. Idan kuma kika ga fuska ta kumbura, ko zazzaɓi, ko ya kasa buɗe baki ko haɗiyar yawu, kada ki jira wayewar gari, domin kumburin da ya gangara ƙarƙashin haɓa yana iya toshe numfashi.

Ina roƙonki kada ki yarda a ɗiga masa ruwan batir, ko fetur, ko turare, ko a danna ƙwayar asfirin a cikin kogon. Duk waɗannan suna ƙona dasashi, kuma asfirin ba maganin yara ba ne. Kafin ku je asibiti, farasitamol daidai da nauyinsa ya isa. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta da ake saya a kemis ba tare da likita ya rubuta ba suna iya rage kumburi, amma haƙorin yana nan yadda yake, kuma ciwon zai dawo.

A asibiti, abin da za a yi ya danganta da zurfin ramin. Idan bai kai jijiya ba, za a share ruɓar a yi ciko a zama ɗaya. Idan ya kai, akwai aikin cire jijiya a tsabtace ciki a cike, wanda ya fi tsada kuma yakan buƙaci komawa. Cire haƙori shi ne mataki na ƙarshe, don haka ki tambayi likita ko za a iya ceto shi, musamman idan na dindindin ne. Ki kuma nemi ya duba sauran turamen, domin akwai wani shafi da ake toshe ramukan saman turmi da shi tun kafin su ruɓe. Manyan asibitocin gwamnati da na koyarwa suna da sashen haƙori, kuma kuɗinsu yakan fi sauƙi.

A gida kuma, ya riƙa goge baki sau biyu a rana na tsawon minti 2, kuma na kafin kwanciya shi ne wanda ba a tsallakewa. Ki duba jikin makilin ɗin ki tabbatar akwai sinadarin fuloraid, tsakanin 1,000 zuwa 1,500 a ma'aunin ppm da ake rubuta yawansa da shi a jikin makilin, domin shi ne yake ƙarfafa ɓawon haƙori. Ki matsa masa kamar girman ƙwayar wake, ya tofar bayan ya gama, kada ya kuskure baki da ruwa don sinadarin ya zauna. A shekarunsa hannunsa bai iya kaiwa lungunan baya sosai ba, saboda haka ki tsaya a kansa, ki ƙarasa masa da hannunki. Aswaki yana da kyau ƙwarai wajen cire dauɗa, ya ci gaba da shi lokutan salla, a haɗa da buroshi da makilin safe da dare.

Kuɗin tara kuwa, gara ki haɗa masa gyaɗa, ko ƙwai, ko rogo da ƙuli, ki bar zaƙi sai lokacin cin abinci, kuma bayan gogewar dare kada komai ya shiga bakinsa sai ruwa. Idan yana da ƙanne, ki tafi da su a duba su rana ɗaya, tunda abincin gidanku ɗaya ne.