Amsa ga mai tambayar wanke mota da shafa mata waks a gida

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya sanya alheri, ya tsare, ya sa a kashe lafiya. Ka ce ka sayi baƙar Corolla 'yar Kwatano, kana nan cikin Katsina, kana son ka riƙa wanke ta da kanka kana shafa mata man ƙyalli, wato waks, kuma kana tambaya ko Omo ya wadatar, wane mai za ka saya, sau nawa ake shafawa. Na ga wasu sun riga sun jero maka sunayen gwangwanaye. Ni ba daga nan zan fara ba, domin na daɗe ina kula da motocin gidanmu, kuma abin da na gani shi ne a garin nan tsumma ya fi rana ɓata fenti.

Fentin motar zamani hawa-hawa ne. Akwai na ƙasa da ke kama ƙarfe, akwai launin, sannan akwai shafin sama marar launi, wanda shi ne ke ba da sheƙin. Wannan na saman bai kai kaurin fallen takarda ba, kuma duk wanki da guga da za ka yi a kansa za ka yi su. In ya cinye, babu man da zai maido shi, sai dai mai fenti. To ƙurar da ke sauko mana daga Sahara tun Nuwamba har Fabrairu, da jar ƙasar unguwannin da ba su da kwalta, cike suke da ɓurɓushin yashi, yashi kuwa ya fi fenti tauri. Duk safiyar da ka ɗauki busasshen tsumma ka share ƙurar da ta kwana kan mota, samfefa ka goga mata. Siraran layukan nan masu zagaye da kake gani a jikin baƙaƙen motoci in rana ta haska su, daga nan suke. A kan farar mota ko mai ruwan toka ba su cika fitowa ba, amma baƙa ba ta rufa wa kowa asiri. Saboda haka yaron da ya tare ka da tsumma a bakin kasuwa ko ƙofar masallaci, ba shi abin da ya sauwaƙa ka ce ya bar motar haka nan. Yaran gida ma a hana su rubutu da yatsa a jikin ƙurar.

Wankin kansa, yi shi da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, a inuwa. Ɗora bayan hannunka kan bonet, in da zafi ka jira. A bazara, lokacin da zafin garin kan haura digiri 40, jikin baƙar motar da ta wuni a rana yakan wuce 70, ruwan sabulu na taɓa shi zai bushe ya bar tabo. Jarka biyu ko uku ta ɗan garuwa ta isa. Ka fara da kwarara ruwa zalla daga rufi zuwa ƙasa, da tiyo ko da roba, ba tare da hannunka ya taɓa motar ba, har yawancin ƙurar ta gangara. Nan mutane ke rowar ruwa, kuma nan ne bai kamata a yi ta ba.

Sai ka ajiye bokiti biyu, ɗaya na ruwan sabulu, ɗaya na ruwa zalla. Ka tsoma ƙyallen a na sabulu, ka wanke ɓangare guda, ka ɗauraye shi a na ruwa zalla, ka matse, sannan ka koma na sabulu. In ka gama ka leƙa gindin bokitin ɗaurayar, yashin da za ka gani a kwance shi ne wanda mai bokiti ɗaya ke mayarwa jikin motarsa. Daga sama ake farawa a sauko, hannu na tafiya a miƙe, ba a dannawa. Ƙasan ƙofofi da bamba su zo ƙarshe. Taya da rim kuwa nasu soso daban, nasu ruwan daban, domin ƙurar birki ƙarfe ce. Ƙyallen da ya faɗi ƙasa ya gama aiki a ranar. Kuma ka nemi maikurofaiba, wato ƙyallen nan mai laushi na goge mota, guda uku ko huɗu, ka raba masu aiki: na wanki, na tsanewa, na goge waks. Tsohuwar singileti da soson buhu a bar wa tukunya.

Batun Omo, a'a. An yi shi ne don ya cire maiƙo daga tufafi, waks kuwa maiƙo ne, wanki ɗaya zai kwashe abin da ka wuni kana shafawa. Ga shi garinsa ba ya narkewa duka, kuma yana busar da robobin bakin gilashi. Sabulun wanke-wanke na ruwa ma haka yake. Sayi shamfun mota, marfi ɗaya ko biyu ake zubawa a bokiti, kwalba ɗaya za ta daɗe maka.

Da ka ɗauraye, tsane ta nan take. Ruwan burtsatse da na rijiya sukan zo da gishirin ƙasa, in suka bushe da kansu sai ka ga fararen ɗigo-ɗigo. In sun riga sun kama, gauraya ruwan khal da ruwa daidai wa daida, ka shafa, ka ɗauraye.

Kafin waks, sa hannunka cikin farar leda ka shafa bonet a hankali. In ka ji kaushi-kaushi, akwai abin da wanki bai fitar ba. Ɗigon kwalta, musamman in ka bi hanyar da ake gyara, ɗan kananzir a tsumma yana narkar da shi, sai ka sake wanke wurin da shamfu. Sauran kuma akwai wata laka ta musamman da ake sayarwa don wannan aikin, ana murza ta a kan ruwan shamfu, ba a busasshen fenti ba. Amma wanda ya fi gaggawa shi ne kashin tsuntsu da na jemage da 'ya'yan bedi. Dukkanmu ƙarƙashin bedi muke neman inuwa, nan ne kuma suke zubowa. Suna da tsami, in rana ta gasa su a kan fenti sukan bar shaida ko bayan an wanke. Kada ka kankare da farce. Jiƙa ƙyalle ka ɗora a kai kamar minti 5, zai taso da kansa.

Yanzu abin da za ka saya. A shago duk folish za a ce maka, alhali abu biyu ne masu aiki daban. Folish da kamfawun, wato folish mai ƙarfi, suna da gari mai ci, suna kankare shafin sama kaɗan don layukan su ɓace. Waks ba ya kankare komai, rufi ne kawai da ke tsakanin fenti da rana da ruwa da ƙura. Kai da kake farawa, waks ka nema, ka bar kamfawun. Na sha ganin motocin da aka kai wa masu injin guga duk bayan 'yan watanni, suna fitowa suna walƙiya, ba a jima ba rufi da bonet suka fara ɓawo fari-fari. Kowace guga tana rage kaurin da ba ya dawowa. In ma layukan sun dame ka, a yi sau ɗaya wurin wanda ya iya, daga nan ka kiyaye wanki.

Waks iri biyu ne. Akwai na karnuba, wanda ake samu daga ganyen wata bishiya dangin dabino a arewa maso gabashin Brazil. Sheƙinsa a kan baƙar mota ya fi kyau, amma a zafinmu da wuya ya wuce wata biyu. Akwai kuma na haɗin masana'anta, wanda kan kai wata 4 zuwa 6. Ni don Katsina na biyun nake zaɓa, ba ni da lokacin shafa kowane wata. Turtle Wax da Formula 1 da Meguiar's duk sanannu ne, wanda ka samu a cikinsu ya yi, sai dai ka duba marfin a rufe yake, domin jabu ba ya ƙarewa a kasuwa.

Wajen shafawa, kaɗan ake ɗiba. Sabon shiga yakan lafta da yawa yana ganin zai fi kariya, alhali abin da ke manne wa fenti siriri ne, sauran wahalar gogewa ce kawai. Ɗan dangwala da soson da ke cikin gwangwanin, ka shafa ƙofa ɗaya ko rabin bonet, ka jira ya yi hazo-hazo. Ja yatsa a kai: in wurin ya fito tas, ya isa gogewa, in ya yi maiƙo, ƙara jira. Ka goge da busasshen maikurofaiba kana juya shi. A hunturu yana saurin bushewa, kuma ƙura na sauka kana cikin aikin, don haka yi shi cikin gareji ko rumfa da sassafe kafin iska ta taso, kada ka shafe motar duka sannan ka dawo gogewa. Kauce wa baƙar roba, zai bar mata farin tabo mai wuyar fita. Gilashin gaba ma kada ya taɓa, in ba haka ba ranar da ruwa ya sauko da dare waifa za ta riƙa dama maka hasken fitilu.

Abu ɗaya game da 'yan Kwatano: sau da yawa akan fesa wa ƙofa ko bamba sabon fenti kafin a sayar. Tambayi dillalin. In fentin sabo ne, ba shi wata 2 zuwa 3 ya gama bushewa kafin waks ya hau, wanki kawai za ka riƙa yi.

Sau nawa kuma, ni ina bin yanayi ne: farkon Nuwamba kafin ƙura, Maris kafin zafi ya tsananta, sai Yuni gab da damina. Tsakanin haka ruwa ne zai gaya maka. In ka watsa ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya yana gangarawa, waks na nan. In ya shimfiɗe ya kwanta, lokaci ya yi.

Na ga wani ya ba ka shawarar tampol. Yana da amfani, amma a kan wankakkiyar mota kawai. In ka rufa shi kan ƙura, iskar dare za ta kwana tana goga shi a jikin fentin, gara ma ka bar ta a buɗe. Shi ma ka riƙa kakkaɓe cikinsa, ka ɗaure shi tamau ta ƙasa.