Zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi

Wata ƴar'uwa daga Tawa ta aiko da tambaya: "Malam, mahaifinmu ya haura shekara 70, amma kullum sai ya taka zuwa garkarsa. In mun ce ya huta sai ya ce 'zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi'. Me yake nufi? Kuma ba abin kunya ba ne dattijo ya riƙa wahala ga ƴaƴansa birjik?"

Ƴar'uwa, a gaida Baba. Tsautsayi shi ne masifar da ke afka wa mutum ba zato ba tsammani, kuma kifin da ya lafe wuri guda shi masunta ke ritsawa da shi. An fi jawo karin maganar a zancen neman abinci, shi ya sa ba ta baƙunta a bakin mutanen Adar, masu tafiya cin rani har Abijan. Baba ya ɗauke ta ya ɗora a kan jiki, kuma ta zauna daram. Tsohon da aka ajiye kan tabarma daga hantsi har la'asar, gwiwa takan sandare, naman cinya ya zube, tashi ma sai an kama shi, daga nan faɗuwa ba wuya. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ta shawarci masu shekara 65 zuwa sama da motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, wato kamar rabin awa sau 5. Tafiyar garka ma motsa jiki ce.

Ni a ganina, kada ku hana shi, ku gyara masa lokaci. A watan Afrilu da Mayu zafin Tawa yakan wuce digiri 40, to ya fita bayan asuba ya dawo kafin rana ta take. Ku riƙa miƙa masa ruwa ko farau-farau tun bai nema ba, don tsoho ba ya saurin jin ƙishirwa ko jikinsa na bukata. A rage gishiri da dunƙulen magi a miyarsa, a riƙa auna masa hawan jini a likita.

Batun kunya kuwa, kalmar dattijo aro ce daga Fulatanci, kuma a Hausa hali take nunawa: natsuwa, riƙon girma, iya sasanta mutane. Kalmar tsoho ita ce ta shekaru. Don haka ɗaukar kwasa ko ban ruwan albasa ba ya rage wa Baba dattako. Sai dai in ya fara haki, jiri ko ciwon ƙirji a hanya, ranar a kai shi likita, kada a jira gobe.