Layukan giraf ɗina sun haɗu, me ya sa aka soke mini amsa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, saura sati uku mu rubuta kemistiri kuma giraf ɗin ikwilibiriyam, wato daidaito, ya hana ni barci. Mai lesin ɗinmu ya ce duk inda layuka suka haɗu nan ne daidaito, na bi hakan a gwaji aka soke mini gaba ɗaya. Don Allah ina kuskuren yake?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata, kwantar da hankalinki, sati uku sun isa har da saura. Amma wallahi maganar nan ta mai lesin ɗinku ta ishe ni, kusan kullum sai na ci karo da ita a takardun yara, an ba su hadda ba a nuna musu dalili ba.

Giraf iri biyu ne, kuma kafin ki kalli layi ko ɗaya ki fara karanta abin da aka rubuta a gefen hagu. In saurin riyakshan ne da lokaci, e, layin riyakshan mai yin gaba da na mai komawa baya za su haɗu su zama ɗaya, don a daidaito saurinsu ɗaya ne. Amma in yawan sinadari ne a kowace lita, to babu wanda ya ce dole su haɗu, abin da ake nema shi ne inda duk layukan suka kwanta suka miƙe, ba hawa ba sauka. Wani na can sama wani na ƙasa, ba ruwanki.

Ɗauki na Haber, wato haɗa amoniya daga naitirojin da haidirojin, N₂ + 3H₂ ⇌ 2NH₃. A ce kin fara da naitirojin 1.0, haidirojin 3.0, amoniya sifili. In naitirojin ya ragu da 0.2, haidirojin zai ragu da 0.6, amoniya ta ƙaru da 0.4. Layuka sun kwanta a 0.8, 2.4 da 0.4, ina suka haɗu a nan? Ko kusa. Kuma ko da a wani giraf kin ga biyu sun gitta juna, ki duba da kyau, a wurin gittawar ɗaya na hawa ɗaya na gangara, ke nan abu bai tsaya ba tukuna, sun dai yi kiciɓis a hanya ne kawai. Yara da yawa a nan suke ɗora fensir su ja layi ƙasa su rubuta lokacin, maki ya tafi a banza. Kwanciyar layin ma ba ta nufin riyakshan ya mutu, yana tafiya gaba da baya, canjin ne ba a gani.

Sauran kuwa ƙa'idar Le Chatelier ce ta 1884 da kin riga kin sani, wato in aka taɓa daidaito zai karkata ta ɓangaren da zai rage canjin. Layi ɗaya ya yi tsalle tsaye, an ƙara ko an kwashe wannan sinadarin. Duk layukan gas sun yi tsalle sama lokaci guda, an matse girman mazubi. Ba tsalle ko kaɗan sai lanƙwasa a hankali, zafi aka taɓa, kuma shi kaɗai ke canza K, lambar daidaiton riyakshan. A na Haber da yake fitar da zafi yake, wajen 92 kJ, in aka ƙara zafi layin amoniya ne zai gangara. Katalis kuwa, sinadarin da ke ƙara saurin riyakshan, in aka sa shi layuka za su kwanta da wuri amma a tsayin da za su kwanta tun farko.

In ke za ki zana, ki ƙirga akwatunan takardar giraf, haidirojin ya sauka uku duk sanda naitirojin ya sauka ɗaya. In an ƙara haidirojin, layinsa zai gangaro bayan tsallen amma ki tsayar da shi sama da inda yake a da, kar ki maido shi gurbinsa na farko.