Tsakanin "Kansa" da "Da Kansa"

Tambaya: Malam, ina shirin rubuta WAEC. Malaminmu na Turanci ya ce himself iri biyu ce, reflexive da intensive, ni kuwa kalma ɗaya nake gani. Daga wata ɗaliba a Gusau.

Amsa: Kalma ɗaya ce, 'yata, aikinta ne biyu. A "He cut himself", mai yankan shi ne wanda ya yanku, wato aikau ya koma karɓau. A "The king himself came" kuwa, babu abin da ya sami sarki, nauyi kawai aka ƙara wa zancen. In kin rikice a ɗakin jarrabawa, cire kalmar ki gani. In jimla ta tsaya daram, intensive ce. In ta rushe ko ma'anarta ta sauya, reflexive ce.

Kin ma san wannan tun kafin a sa ki firamare. "Ya yanke kansa" daban, "Sarki da kansa ya zo" daban. Bature ya sa musu riga ɗaya, mu kuma ɗan "da" ɗin nan ya raba mana gardama, ko mu ce "shi kansa sarki". Namu rikicin a wani wuri yake, don kai dai kai ne, wanda ke bisa wuya. In aka ce miki "ya wanke kansa", sai ki tambaya: da sabulu, ko a gaban alƙali?

Tunda an taɓo wurin, bari in yi ƙorafina. Kwanaki a wajen wani ɗaurin aure na ji mai sanarwa ya ɗaga murya yana cewa ango da amarya "suna son kansu". Subhanallahi! Yabo ya nufa, ya ɓuge da zagi. Masu son kansu ai ba su zama ɗaki ɗaya lafiya. Juna ake cewa, suna son juna. Daga Turancinmu na Najeriya aka kwaso wannan, inda ake sa themselves a gurbin each other, kuma can ma kuskure ne. An yi aron riga, ashe yagaggiya ce.

Tambaya: "Kaina" ko "kai na"?

Amsa: A haɗe, kamar kanka da kanki.

Tambaya: Me ake nufi da "girman kai rawanin tsiya"?

Amsa: Rawani ɗaukaka ce da wasu ke naɗa wa mutum. Mai girman kai shi ya naɗa wa kansa, da kansa. Ɗalibar Gusau, ga naki biyun a jimla ɗaya.